Tanis a Harlem: su wa suka riƙe filin tun 1916?

Malam Nuhu (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da na sa hoton 'yata riƙe da raket, Auwalu ya tambaye ni yadda aka yi direban tasi ya kai 'yarsa wasan 'ya'yan masu kuɗi. Na ce ya bari in sauka daga aiki, to ga ni.

Inda take koyo wani tsohon ginin sojoji ne a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin Niyok na Amurka, tsakanin titi na 142 da na 143 a kan Fifth Avenue. Na runduna ta 369 ne, sojojin nan baƙaƙen fata da aka miƙa wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka yi kwana 191 a bakin daga. A zauren da suke fareti aka ja layi aka ɗaura raga. A 1972 wasu mutum biyu, Claude Cargill da Bill Brown, suka fara tara yaran unguwa a wurin suna koya musu tanis. Ƙungiyar tana nan har yau, sunanta Harlem Junior Tennis and Education Program. Ba ta neman riba. Kwamiti ke tafiyar da ita, kuɗinta daga gudummawa yake zuwa da liyafar neman taimako, abin da iyaye ke bayarwa kuwa bai kama ƙafar kuɗin koci mai zaman kansa ba. Ana kuma bin diddigin karatun yaro, ba ƙwallo kawai ba. Wannan ne ya sa mahaifiyar yarinyar ta yarda.

Auwalu (Kano):
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya ta. Amma ni har yanzu ban gamsu ba. Amurka ce fa. Kamfanoni ne da attajirai ke zuba kuɗi, sai a liƙa wa abu sunan al'umma. Mu nan filin tanis a bayan katanga yake, da maigadi a ƙofa. Ɗan talaka in ya shiga, tsintar ƙwallo ta kai shi.

Koci Ɗanjuma (Kaduna):
Ɗana Auwalu, kada ka raina tsintar ƙwallo. Ta ƙofar nan na shiga, ina ɗan shekara 10. Da asuba mu muke shayar da jar ƙasa, mu ja rola, mu share, mu fito da layi da farar ƙasa. In manya suka tashi da rana ta take, sai mu ɗauki raket na katako da wani ya yar, mu buga babu takalmi. Yawancin 'yan wasan da na sani a ƙasar nan haka suka faro. Amma maganarka akwai gaskiya a cikinta: an bar mu mu shiga ne don muna da amfani, ba don filin namu ba ne.

Hajiya Rabi (Zariya):
Malam Nuhu, ka fara labarin daga tsakiya. Ni da na koyar da tarihi shekara 30 ba zan bari ya wuce haka ba.

A farkon ƙarnin da ya wuce kulob-kulob na fararen fata a Amurka ba sa karɓar baƙi, gasarsu ma ba a sa baƙi. Sai baƙaƙen suka buɗe nasu a Washington, Baltimore, Filadelfiya da Niyok. Ranar 30 ga Nuwamba 1916 wakilansu suka haɗu a Washington suka kafa American Tennis Association. A watan Agusta 1917 suka yi gasarsu ta ƙasa ta farko a filin gwamnati na Druid Hill Park da ke Baltimore. Tally Holmes ya ci ta maza, wata malamar makaranta Lucy Diggs Slowe ta ci ta mata. Daga baya suka riƙa kai gasar kwalejojin baƙaƙe irin su Hampton da Wilberforce, saboda otal ba ya ba su ɗaki, sai a kwana a ɗakunan ɗalibai. Auwalu, wane kamfani ka gani a nan? Aljihunsu ne.

A Harlem, kulob ɗin da ya yi suna shi ne Cosmopolitan, wajen titi na 149. A watan Yuli 1940 Don Budge, Baturen da ya lashe manyan gasa huɗu duka a 1938, ya zo har filin ya buga da zakaran baƙaƙe Jimmy McDaniel. Budge ya ci 6-1, 6-2, amma zuwan nasa shi ne labari a lokacin.

Maryam (Yamai):
Mama Rabi, ina jira ki zo kan Althea Gibson.

Hajiya Rabi (Zariya):
Ga ni nan zuwa 'yata, dama can na nufa.

An haifi Althea a 1927 a Karolina ta Kudu, iyayenta manoman auduga ne a gonar wani. A 1930 suka yi ƙaura zuwa Harlem, suka zauna a titi na 143. Malam Nuhu, titin da kake ajiye motarka ke nan. A lokacin 'yan sanda kan rufe layin da rana don yara su yi wasa, ana ja wa yara layi a kan kwalta su buga wani ƙaramin tanis da faifan katako. A 1939, tana da shekara 12, ta zama zakarar birnin Niyok a wannan wasa. Yarinya ce mai gudun makaranta, mai faɗa da maza a layi. Wani makaɗi, Buddy Walker, wanda ke kula da yaran layin, ya ga hannunta, ya samo mata raket na hannu, ya kai ta filin gwamnati ta gwada. Daga nan aka yi karo-karo aka biya mata kuɗin shiga Cosmopolitan da na darasi. Wanda ya koya mata a can Fred Johnson ne, mutum mai hannu ɗaya.

Daga 1947 zuwa 1956 ta ci gasar ƙungiyar baƙaƙe sau 10 a jere. A 1950 aka bar ta ta shiga gasar ƙasa ta Amurka, bayan tsohuwar zakara Alice Marble ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ta kunyata masu shirya gasar. Ta ci ta Faransa a 1956, ta ci Wimbledon ta Ingila da ta Amurka a 1957, ta maimaita a 1958. Sarauniyar Ingila da hannunta ta miƙa mata kofi a 1957. Kullum na tuna wannan sai in tuna waɗanda suka haɗa 'yan kuɗin nan na farko, waɗanda ba a ma rubuta sunan yawancinsu ba.

Auwalu (Kano):
Mama, da girmamawa, kin ƙarfafa maganata ne. In har sai da aka yi karo-karo kafin ta shiga, to akwai ƙofa, akwai kuɗin shiga. Cosmopolitan na likitoci ne da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa baƙaƙe. Katangar dai tana nan, launin masu ita ne ya canza.

Maryam (Yamai):
A nan ina bayan Yaya Auwalu. Ita kanta Althea ba ta ji daɗin wurin da farko ba. Sai ta sa fararen kaya, sai ta koyi irin maganarsu da zamansu, wasu matan kulob ɗin suna ganin ba ta da tarbiyya. Yarinya ɗaya aka ɗauko daga layi saboda ta fi kowa. Sauran yaran titi na 143 fa, ina suka tafi?

Hajiya Rabi (Zariya):
Ban musa ba. Kulob ne na masu hali, kuma yau ma babu shi. Amma ku duba abin da masu halin suka yi da halinsu. A 1946 likitoci biyu suka ɗauki nauyinta. Dakta Hubert Eaton ya kai ta gidansa a Wilmington, ta zauna cikin iyalinsa kamar 'ya, ta koma makarantar sakandare da ta bari har ta gama. Dakta Robert Walter Johnson kuma yana ɗaukarta lokacin hutu zuwa Lynchburg, inda ya gina fili a bayan gidansa, yana ciyar da yara yana kai su gasa a motarsa. A wannan filin na bayan gida Arthur Ashe, baƙar fatan da daga baya ya ci Wimbledon, shi ma ya goge. Riƙo ne irin wanda muka sani, a ɗauki ɗan wani a haɗa da naka. Mai kuɗin da ya yi haka ba ɗaya yake da wanda ya sa maigadi ya kori yara ba.

Malam Nuhu (Bronx):
Tambayar Maryam ita ce ainihin abin da ya haifi ƙungiyar 1972. Sauran yaran fa? Su Cargill ba zakara suka fita nema ba, duk yaron da ya zo ana ba shi raket. Shekara uku kafin nan, a 1969, Ashe da Charlie Pasarell da Sheridan Snyder sun kafa National Junior Tennis League a kan wannan tunani, a kai wasan filayen gwamnati da ke cikin unguwanni. Ashe ya san darajar irin wannan fili, don mahaifinsa mai kula da filin wasa na Brook Field ne a Richmond, wanda aka ware wa baƙaƙe, gidansu ma a cikin filin yake.

Kuma Auwalu, akwai filayen hukumar birni a Harlem wajen titi na 151, sunan Fred Johnson aka sa musu, mai hannu ɗayan nan. Babu katangar kulob. Takardar izini ake yanka ta kakar wasa guda. Lokacin da na yanka, dala 100 ce ga babba, dala 10 ga yaro. Ranar Asabar za ka ga tsoho ɗan shekara 70 yana gyara wa yaron da bai sani ba riƙon raket, ba ko sisi.

Sadiya (Legas):
Malam, tambaya ta gefe. Kayan wasan fa? Shi ne abin da ke hana mu kai 'yan mata.

Malam Nuhu (Bronx):
Da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabinta take bugawa, Hajiya Sadiya. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Doka ba ta ce sai gajeren siket ba.

Auwalu (Kano):
To, daga 1972 zuwa yau wa suka fitar? Shekara 50 da ɗoriya ba wasa ba ce.

Malam Nuhu (Bronx):
James Blake, wanda ya kai na 4 a duniya a 2006. A zauren sojojin nan ya yi wasa yana yaro shi da wansa Thomas, a can kuma ya ji Ashe ya yi wa yara jawabi har abin ya shiga ransa.

Auwalu (Kano):
Blake a Connecticut ya girma, Malam, yana da kocinsa na kansa, ya yi jami'ar Harvard. Ba ɗan layi ba ne.

Malam Nuhu (Bronx):
Haka ne, ba zan ƙara gishiri ba. Amma me ya kawo shi Harlem? Iyayensa ne ke zuwa aikin sa kai, suna taho da yaransu. Ni wannan ya fi burge ni a kan matsayi na 4. Mutum ya samu ya fita daga unguwa, amma bai daina dawowa ranar hutunsa yana jefa wa 'ya'yan wasu ƙwallo ba.

Ni dai ban kai 'yata don ta je Wimbledon ba. Daga tashi makaranta zuwa magariba, nan ne yaro ke lalacewa a garin nan, ni ina kan titi, uwarta tana wurin aiki. A waɗannan awoyi tana wurin da ake tambayarta aikin gida kafin ta taɓa raga. Jami'o'i a nan kuma suna ɗaukar nauyin karatun ɗalibi in ya iya wasa. Matar da ke shugabantar ƙungiyar tun 2005, Katrina Adams, ita ma a filin gwamnati ta fara a Shikago, ta yi jami'a da tanis, ta ci kofuna 20 na wasan bibbiyu. A 2015 ta zama shugabar hukumar tanis ta Amurka, baƙar fata ta farko da ta hau kujerar. Hukumar da ta hana Althea shiga har 1950 ke nan.

Koci Ɗanjuma (Kaduna):
Tunda an ambaci Ashe, mu ma muna da rabonmu a labarinsa, ko da yake ba mai daɗi ba ne. Ya zo Legas gasa a Fabrairu 1976. Ranar Juma'a 13 ga wata aka kashe Janar Murtala, Allah ya jiƙansa. Ranar Litinin 16 ga wata Ashe yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak a Lagos Lawn Tennis Club, sojoji suka shigo fili da bindiga suka kore su, suna cewa ana makoki ku kuna wasa. Gasar ba a ƙarasa ta a Legas ba.

A Kamaru kuwa zuwansa ya yi albarka. A 1971 ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a Yawunde, ya yi magana aka kai shi Faransa. Yannick Noah ke nan, wanda ya ci gasar Faransa a 1983.

Maryam (Yamai):
Baba Koci, wannan ma irin na Althea ne, a tsinci ɗaya a tafi da shi. Abin da ya fi ba ni tunani shi ne Soweto ta Afirka ta Kudu. Ashe ya nemo kuɗi aka gina filaye a unguwar Jabavu da ke can a 1976, shekarar boren ɗalibai. Wurin ya lalace, aka kwashe abin da za a iya kwashewa, ciyawa ta cinye shi shekara da shekaru, sai a 2007 aka gyara aka sake buɗewa. Na san akwai wariyar launin fata da tashin hankali a lokacin, wasu 'yan gwagwarmaya ma ba su so zuwan Ashe ƙasar ba tun 1973. Amma ina ganin kyauta ce ta sauko daga sama, babu ƙungiyar unguwa mai ƙarfi da za ta ce namu ne. Zauren Harlem kuwa ba nasu ba ne ma, aro ne, ga su nan har yau.

Hajiya Rabi (Zariya):
Ki yi a hankali da hukunta mutanen Soweto, 'yata. Wanda ake harbin 'ya'yansa a titi ba ya tunanin raga. Amma batun "namu ne" kin faɗi daidai.

Bari in ƙarasa na Althea, don akwai ɓangaren da ba a son faɗa. A zamaninta ba a ba wa wanda ya ci Wimbledon kuɗi, kofi ne kawai. Ta bar wasan tana kan ganiyarta saboda babu abin sawa a baki, ta koma wasan golf. Da ta tsufa ciwo ya kama ta, kuɗin haya da na magani suka gagara. Angela Buxton, Bayahudiyar Ingila da suka ci wasan bibbiyu tare a Faransa da Wimbledon a 1956, ita ta kai kukan ga jama'a a shekarun 1990, mutane suka yi ta aiko da abin da ya sawwaƙa. Da karo-karo ta shiga, da shi aka rufa mata asiri har ta rasu a 2003. Mutum-mutuminta a filin gasar Amurka sai 2019 aka kafa.

Auwalu (Kano):
Wannan ya taɓa ni, Mama. Har yanzu ina nan kan cewa in babu babban mai kuɗi a baya, abu irin wannan ba ya shekara 50. Ko Frances Tiafoe da ake misali da shi, cibiyar da ya tashi a Maryland attajiri ne ya kafa ta.

Malam Nuhu (Bronx):
Ban ce ba a buƙatar kuɗi ba. Cibiyar ma ba ta neman riba. Mahaifin Tiafoe ɗan Saliyo ne, lebura ne a ginin wurin a 1999, da aka gama aka bar shi yana kula da shi. Ɗaki aka ba shi a ciki, tagwayensa suna kwana tare da shi in uwarsu tana aikin dare a asibiti. Yaron da ya doke Nadal a gasar Amurka a 2022 ɗan mai shara da kulle ƙofa ne. Mai kuɗi ya gina, gaskiya ne, amma da an ce yaran maigadi kada su taka fili fa?

Koci Ɗanjuma (Kaduna):
Ni na ga filaye da yawa sun mutu a gabana, kuma ba rashin mai kuɗi ne ya kashe su ba. Ana zuwa a yi fenti in gasa ta matso, irin Dala Hard Court ta Kano ko ta jar ƙasa da muke yi a nan Kaduna, kowa ya zo a yi hoto. Waɗancan manyan filaye suna da masu kula da su. Na makarantu da na unguwanni nake nufi. Raga ta yage babu mai ɗinkewa. Makulli yana hannun mutum ɗaya, ya yi tafiya. An tara kuɗin ƙwallo, ba a rubuta ba, aka fara zargin juna, kowa ya watse. Filin siminti in ya tsage ka bar shi damina ɗaya, ciyawa za ta buɗe tsagar ta ninka.

Auwalu (Kano):
Baba Koci, kamar ka san abin da ke raina. A tsohuwar makarantarmu akwai fili guda, awaki ne ke kwana a kai, turakun raga suna nan amma sun yi tsatsa. Mu tsofaffin ɗalibai muna da ƙungiya, muna taro duk wata. In da za a gwada, da me ake farawa?

Koci Ɗanjuma (Kaduna):
Da bango. Kafin ka sayi raga, nemi bango mai santsi ka ja masa layi daidai tsayin raga. Yara 10 za su iya bugawa a jikinsa da raket uku suna karɓa-karɓa. Noah ma da ya kafa ƙungiyarsa ta yaran unguwannin talakawa a Faransa a 1996, da bango ya sa mata suna, Fête le Mur. Bayan nan a cike tsaga da siminti kafin ruwa ya sauka.

Hajiya Rabi (Zariya):
A samu izinin shugaban makaranta a rubuce, kada wani ya zo gobe ya ce bai sani ba. Makulli ya zama biyu, ma'aji daban da shugaba, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata ko da naira 500 ce ta shigo. A kuma ware wa 'yan mata ranarsu tun daga farko, da malama mace a wurin. In aka ce sai an kafu tukuna, ba za a ware ba.

Sadiya (Legas):
In an ware ranar, ni zan ɗauki nauyin raga.

Malam Nuhu (Bronx):
A nan ƙwallo in an buga ta sau biyu uku sai a zubar, alhali ga mai koyo tana da sauran rai. Zan fara tarawa, in tambayi iyayen da yaransu suka girme wa ƙananan raket. Akwai ɗan'uwa da zai taho gida bayan Sallah, sai in haɗa shi da jaka ɗaya.

Auwalu (Kano):
Allah ya saka da alheri. Ban janye maganata kan masu kuɗi ba, Malam, za mu dawo kanta. Ranar Litinin zan je in ga shugaban makarantar. Baba Koci, turo mini awon filin in tafi da tef.

Koci Ɗanjuma (Kaduna):
Tsawo ƙafa 78, faɗi ƙafa 36 in na bibbiyu ne, 27 in na ɗaiɗai ne. Raga ƙafa 3 a tsakiya, 3 da rabi a jikin turaku. Ka auna har da sararin da ke bayan layin ƙarshe, ka ɗauko mini hoton tsagar da ta fi girma ka sa takalminka a gefenta don in gane faɗinta.